A Ƙara Wa Amarya Haske?

Yau so nake ki ba ni aron hankalinki mu leƙa wani ɗaki da kuɗinmu ke shiga duk lokacin biki, amma ƙafarmu ba ta taɓa taka shi ba, wato ɗakin da ake haɗa bidiyon bikin 'ya'yanmu.

Kin dai san yadda muke da bin diddigi idan hidima ta taso. Gado da katifa sai mun je mun taɓa da hannunmu. Atamfar anko sai an fito da ita bakin ƙofar shago a Kantin Kwari an duba ta a rana, don kada fitilar shago ta yaudare mu. Mai abinci ma sai ta kawo mun ɗanɗana. Amma mai bidiyo fa? Sai dai a tambayi kuɗinsa, a yi ciniki, a ba shi kafin alƙalami, shi ke nan. Bayan sati uku ko wata guda ya aiko da abin da ya ga dama, mu kuma mu karɓa hannu bibbiyu, domin a zatonmu abin da kyamara ta gani shi ta kawo. To ba haka zancen yake ba. Launin fuskar amarya da kike gani a talabijin, da launin lallenta, da na leshin da kika sha wahala kafin ki biya, duk wani mutum ne ya zauna gaban kwamfuta bayan an watse ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya.

Za ki ce ina na san wannan, ni da ba 'yar fim ba. Ɗiyata ta biyu ce ta koyi sana'ar bayan ta gama karatu, kuma a nan gidanmu na Kawaji take yin ta, a ɗan ɗakin da a da muke ajiye buhunan hatsi. Kasuwarta ta buɗe ne saboda gidaje da yawa yanzu ba sa son namiji ya shiga tsakiyar mata da kyamara ranar kamu ko sa lalle, kuma suna da gaskiya. Da daddare idan an kawo wuta nakan ɗauki kujerata in zauna a bayanta ina gyaran zogale ko tsinkar alayyahon da na sayo a 'Yankaba, ina kallo ina tambaya. Shekara biyu ke nan, har na zama 'yar gari.

Abu na farko da zai ba ki mamaki shi ne yadda hoton ke fitowa daga kyamara. Toka-toka yake, dishi-dishi, kamar an ɗauke shi da sassafe a tsakiyar hunturu ranar da hazo ya rufe gari. Jan leshi ya koma kamar ya shekara goma ana wanke shi, baƙar amarya da fara duk sun zama ruwan toka. Duk wadda ta gan shi za ta rantse kyamarar ta lalace. Alhali da gangan aka ɗauke shi haka, kuma sunan wannan irin ɗauka log.

Ga dalilin. Idonki, baiwar Allah, yana iya kallon ango tsaye a rana cikin farar shadda ya ga aikin zaren da ke wuyan rigar, a lokaci guda kuma ya ga fuskar gwaggo da ke zaune can cikin inuwar rumfa. Kyamara a ɗaukarta ta yau da kullum ba ta iya wannan. Dole ta zaɓi ɗaya. In ta bi shaddar, gwaggo ta nutse cikin duhu. In ta bi gwaggo, shaddar ta ƙone ta zama farin fili babu ko zare ɗaya, kuma abin da ya ƙone ya tafi ke nan, babu editan da zai dawo da shi. Sai masu ƙera kyamara suka yi dabara. Suka ce a tattaro hasken duka, daga mafi duhu har mafi ƙarfi, a matse shi a tsakiya, kamar yadda kike ninke kayan lefe ki danna su cikin akwati. A cikin akwatin ba su da kyan gani, amma dai ba a bar ko ɗankwali a waje ba. Aikin edita shi ne ya buɗe akwatin, ya warware kayan, ya goge su, ya jera.

Akwai ma'aunin haske a manhajar da take aiki da ita, daga 0 zuwa 100, ƙasa duhu, sama haske. Farar takarda da ya kamata ta haura can kusa da sama, a irin log ɗin kamfanin Sony da ake kira S-Log3 a kan 61 take tsayawa. Kin ga dalilin da fari ke fitowa kamar toka. Ribar kuwa ita ce kamfanin ya ce kyamararsa FX3, wadda ta fito a 2021, tana kama sama da mataki 15 na haske, kuma kowane mataki ninkin na ƙasa da shi ne. Talabijin ɗin falonki ba zai iya nuna wannan tazara duka a lokaci guda ba, don haka dole wani ya yanke hukuncin abin da za a nuna da abin da za a bari.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Kodak na Amurka ne ya fito da ita a farkon shekarun 1990 a wani tsari mai suna Cineon, don a riƙa zuba finafinan majigi cikin kwamfuta ba tare da an yi asarar komai ba, har aka yi amfani da shi a 1993 wajen sabunta tsohon katun ɗin nan Snow White na 1937. Yau kowane kamfani da nasa: Canon na da C-Log, Panasonic na da V-Log. Apple ya sa nasa a wayar iPhone 15 Pro a 2023, Samsung ya biyo baya da Galaxy S25 Ultra a 2025. Manhajar da ake gyaran launin da ita ma ta sauko ƙasa. DaVinci Resolve a da na manyan kamfanonin fim ce kawai, na'urarta kuɗin gida guda ce ko fiye. Da kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya ya saye ta a 2009 sai ya karya farashin, daga baya ma ya fitar da ta kyauta. Ita ce a ɗakin hatsinmu, ita da Premiere Pro kuma su ne a hannun yawancin yaran da ke ofisoshin Titin Gidan Zoo. In kin tuna yadda finafinanmu suke a zamanin kaset, tun daga Turmin Danya na 1990, sannan ki dubi irin su Labarina da aka fara nunawa a 2020, wani ɓangaren bambancin na kyamara ne da fitilu, wani ɓangaren kuwa wannan aikin zaman ne.

Shi aikin yana da tsari, kuma tsarin ne ya fi burge ni, domin daidai yake da shirin amarya. Ba a fara fesa turare kafin wanka, ba a shafa hoda kafin mai.

Da farko sai ta tantance wace kyamara ce ta ɗauki wane hoto, domin a babban biki ana iya samun kyamara biyu ko uku, ga kuma na wayar ƙawaye da amarya za ta dage sai an sa. Kowane log da makullinsa. Akwai wani ɗan fayil da ake kira lut, wanda ke fassara hoton daga log zuwa ma'aunin da talabijin ke ganewa, mai suna Rec.709, wanda aka amince da shi a duniya tun 1990. In aka sa wa hoton Sony makullin Canon, zai buɗe dai, amma launin zai karkace, kamar a ɗinka wa yarinya riga da awon yayarta. Tana danna makullin da ya dace sai ki ga hoton ya farfaɗo nan take. Kullum wannan yakan tuna mini da marinar Ƙofar Mata, inda marini ke tsamo zane daga rami yana kore-kore, ya ɗaga shi ya sha iska, a gaban idonki ya rikiɗe ya koma shuɗi.

Daga nan sai yawan haske, a ɗaga wanda ya yi duhu, a sauke wanda ya yi yawa. Wannan gyaran kuma a bayan fage take yin sa, kafin hoton ya ratsa ta cikin makullin, domin in an yi shi daga baya, abin da makullin ya riga ya datse ba ya dawowa. Sai daidaita fari. Hasken rana da na ƙwan lantarki ba launinsu ɗaya ba, na rana yana wajen 5600 a ma'aunin Kelbin, na tsohon ƙwai mai ja-ja yana wajen 3200, ido ne kawai ke yi mana gyara ba mu sani ba. Sai ta nemi wani abu a hoton da ta tabbata fari ne, hijabin wata tsohuwa ko rigar teburi, ta gyara har ya zama fari na gaskiya. In fari ya zauna daidai, sauran launuka sukan bi shi. Bayan haka ta jera hotunan kyamarori daban-daban ta daidaita su, don kada amarya ta shigo zaure da kaya ruwan hanta ta zauna a kujera sun koma ja. Wannan kaɗai yakan ci mata kwana biyu.

Sai a zo kan fata, kuma a nan maganata take.

Kusan duk amaryar da ta zo karɓar aikinta, ko ta yi waya tun kafin a gama, da magana ɗaya take zuwa: "Anti, don Allah a ƙara mini haske." To kin san kalmar haske a bakinmu kaya biyu take ɗauka. Akwai hasken fitila, akwai kuma wanda muke nufi idan muka ce wance tana da haske. Na farko haƙƙin amarya ne, kuma baƙar fata ta fi kowace buƙatarsa, domin ba ta mayar da haske da yawa kamar fara, saboda haka sai an wadata ta da fitila mai laushi kafin sheƙinta da santsinta su fito. Na biyun kuwa canza mata kama ne. Amarya takan faɗi kalmar ba tare da ta rarrabe ba, edita mai son ya gama ya karɓi cikon kuɗinsa kuma ya ɗauki ma'ana ta biyu, don ita ce mai sauƙi. Akwai wani abu a manhajar kamar tsinke, ana dangwala shi a kumatu sai ya ware duk abin da ke da launin fata a hoton, a ja shi sama, a rage masa kauri. Minti biyar ya isa a mayar da wankan tarwaɗa fara sol.

Bara aka aurar da 'yar maƙwabciyata, yarinyar da aka haifa a gabana, baƙa ce mai kyau, irin baƙin nan mai sheƙi da idan ta sha dilka har wani ɗaukar ido yake. Wani situdiyo a cikin gari aka ba aikin, ba zan kama suna ba. Ranar da aka kawo bidiyon muka taru a falon uwar. Aka kunna, amarya ta shigo ana guɗa, sai kakar yarinyar, wadda aka ɗauko daga ƙauye don bikin, ta matso kusa da talabijin ta ƙura ido, ta juyo ta ce, "Wai ita wannan ɗin 'yar gidan wa ce? Ina tamu?" Yara suka fashe da dariya. Uwar ba ta yi dariya ba. Fuskar da ke allon fara ce fat kamar an shafa mata alli, wuya da hannu kuwa sun ƙi bin fuskar, jan lallen ya koma ruwan lemo, sarƙar gwal ta koɗe kamar ta roba. Garin neman gira an rasa ido. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ita amaryar ta ji daɗinsa, har ta sa a waya tana nuna wa mutane. Kwanan baya da ta zo wankan gida na lura gaɓoɓin yatsunta sun fi sauran hannun duhu, ke ma kin san alamar mene ce wannan. Ba zan ce bidiyon ne ya jawo ba, Allah ne masani. Amma yarinyar da aka nuna wa cewa a ranar da ta fi kowace rana kyau a rayuwarta fara ce, me kike so ta gani idan ta dubi madubi washegari?

Kada ki ɗauka ƙaramar magana ce. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man canza fata, kuma a 2023 shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Sinadaran da ke cikin wasu mayukan, irin su makuri, suna taɓa ƙoda. Muna yi wa 'ya'yanmu faɗa a kan mai, sannan mu biya kuɗi da hannunmu a yi musu bilicin a kwamfuta, mu rataye a falo.

Wani abin da ya kamata ki sani, ita kanta na'urar ɗaukar hoto ba da mu aka auna ta ba tun asali. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake saita injin. In fuskar Shirley ta fito daidai, an ce inji ya yi daidai, ko da kuwa baƙaƙen da za a wanke hotonsu za su fito babu abin da ake gani sai ido da haƙori. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin wannan a wani bincike da ta wallafa a 2009, inda ta kawo cewa cikin abubuwan da suka tura kamfanin gyara har da ƙorafin masu sayar da cakulan da masu kayan katako, don hotunan tallarsu ba sa bambanta ruwan ƙasa mai duhu da mai haske. Kin ji fa, sai da cakulan ya yi kuka. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launi daban-daban. Har kwanan nan ana fama, domin a 2021 ne Google ya fito da wani tsari mai suna Real Tone a wayarsa Pixel 6, musamman don kyamara ta daina ɓata baƙar fata. Can ana ta faɗi-tashi a nuna baƙi yadda yake, mu nan masu abin muna biya a goge shi.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba da niyya ake yin ta ba. Yara da yawa suna sauko da lut na ado daga intanet, irin wanda ke ba hoto kamannin finafinan Amurka, su maka shi a kan bikin gaba ɗaya tun daga kamu har kai amarya, ba tare da sun bi matakan da na faɗa miki ba. Yawancin irin waɗannan an gina su ne a kan su tura wurare masu haske zuwa ruwan lemo, wurare masu duhu kuma zuwa shuɗi mai ratsin kore. Fuskar Bature tana cikin ɓangaren haske, sai ta yi kyau. Fuskar 'yarki kuwa tana iya faɗawa ɓangaren duhu, sai ta fito kore-kore kamar mai jinya. Shi ya sa ado yake zuwa a ƙarshe, kaɗan kuma, kamar gishiri, bayan an killace fata an hana shi taɓa ta.

Ta yaya edita zai san ya dace da launin gaskiya, tunda allon kwamfuta ma yana ƙarya, ido kuma yana gajiya? Akwai ma'auni na biyu, zagayayye kamar faifai, da wani layi a cikinsa tsakanin ja da rawaya. Fatar ɗan Adam, ta Bature ce ko ta Basine ko ta Bakano, a kusa da wannan layin take faɗawa. Abin da ya bambanta mu shi ne yawan duhu da kaurin launin, amma jinsin launin kusan ɗaya ne. Ranar da ta nuna mini wannan na daɗe ina kallon faifan, na ce ikon Allah. Saboda haka aikin edita na ƙwarai shi ne ya dawo da fuskar kan layin idan fitilun zauren biki sun karkatar da ita, ya bar duhunta inda Mahaliccinta ya ajiye shi. Ita ɗiyata har wata al'ada ta ɗauka. Kafin a fara taro takan fitar da amarya bakin taga ko tsakar gida, ta ba ta farar takarda ta riƙe kusa da fuska, ta ɗauki daƙiƙa goma. Wannan ɗan hoton shi ne shaidarta. Duk inda ta rikice a cikin aikin sai ta koma ta dube shi. In amarya ta matsa a kan haske, takan gyara minti ɗaya iri biyu ta tura mata, ta ce ta nuna wa mahaifiyarta. Ta ce mini, "Umma, in dai an yi na gaskiyar da kyau, da wuya su zaɓi ɗayan." Da wuya ta ce, ba ta ce ba a yi ba. Akwai wadda ta karɓi kayanta ta kai wani wurin aka yi mata yadda take so, har da guntun habaici a waya.

Ban ɗora wa editoci laifin duka ba. Sau da yawa tun a zauren biki ake kashe aikin, tun ran gini kuwa ran zane. Waɗannan fitilun masu juyawa, shunayya da kore da ruwan hoda, da masu ado ke cika wuri da su, su ne manyan maƙiyan fuskar amarya. Idan shunayyar fitila ce kaɗai ta sauka a kumatunta, launin fatar bai shiga kyamara ba sam, babu abin da za a warware daga akwati tunda ba a sa shi a ciki ba. Haka kuma log ba ya son duhu. In aka ɗauke shi a wurin da fitila ta yi ƙaranci, da an zo ɗaga hasken sai hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa tsaki, kuma a kan baƙar fuska da baƙin mayafi suka fi taruwa. Daga nan edita zai shafe su, fuska ta koma sumul kamar ta 'yar tsana. Ƙaramar kyamara ma tana da nata. Wadda ke ɗauka da bit 8 tana rarrabe mataki 256 ne a kowane launi, mai bit 10 kuwa 1024. In aka matsa wa ta farkon da log, wajen warwarewa sai bango da goshi su yi layi-layi. Mai irin wannan kyamarar gara ya ɗauka a tsarin yau da kullum ya kula da fitilarsa, ya fi masa alheri da kwaikwayon abin da kayansa ba za su ɗauka ba.

Don haka uwargida, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan za ki ɗauki mai bidiyo, ki ce ya nuna miki aikin da ya yi wa amarya mai irin launin 'yarki, kada ki yarda da wanda ya zaɓo miki da kansa. Ki faɗa masa da bakinki, a gaban yarinyar, cewa fitila kike so a wadata ta da ita, launinta kuma a bar mata. Ki roƙi masu ado su bar farar fitila a kan kujerar amarya da hanyar da za ta bi, masu launin su je can bango su yi ta juyawa. Kafin ya gama aikin duka, ya turo miki minti ɗaya ki gani. In ya zo, kada ki tsaya a fuska. Ki dubi wuya da bayan hannu ko sun yi daidai da ita. Ki dubi lalle ko yana nan ja mai duhu yadda kika gan shi. Ki dubi gwal, ki dubi aikin wuyan rigar ango ko ana ganin zarensa. Ki ɗauko guntun atamfar anko ki kara a jikin allon. Sannan ki kalla a waya ki kuma kalla a talabijin, domin yawancin talabijin daga shago ake saito su da launi mai yawa don su ja ido.

Saura magana ɗaya, ta amana. Ɗanyen hoton nan da aka ɗauka, wanda ba a gyara ba, ya ƙunshi komai da komai: wadda mayafinta ya zame, wadda ta saki jiki tana rawa don ta san mata ne zalla. Ki tambaya tun farko a hannun wa zai zauna, wa da wa za su gan shi, kuma yaushe za a goge shi daga kwamfutarsu. Ni shawarata ki sayi ma'ajiyarki ki ce a zuba miki shi, sannan su goge nasu a gabanki ko gaban wanda kika wakilta. Yana da nauyi, domin a wayar iPhone minti ɗaya na irin ɗaukar nan mai inganci yana iya cin wajen gigabait 6 ko fiye, saboda haka ƙaramin filashi ba zai ɗauka ba. Amma yana da amfani. Mu da aka ɗauki bikinmu a kaset, launin da ya fito shi ke nan har abada, ga shi yawancin kaset ɗin ma sun yi funfuna a cikin durowa. Na yanzu kuwa, muddin ɗanyen yana hannunki, ko bayan shekara goma aka ga gyaran farko bai yi ba, ana iya ba wani ya sake shi daga tushe. Na 'yar maƙwabciyata da muka aika a tambaya, cewa aka yi an riga an goge don a samu wurin zuba wani bikin.

Wanda aka gama gyarawa kuma, in za a tura wa dangi na nesa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, kada a tura shi kai tsaye daga ma'ajiyar hotuna, don manhajar tana matse shi ta rage masa kyau. Ki ajiye kwafi biyu, ɗaya a ɗakinki, ɗaya a ɗakin amarya.